Daga Rum zuwa Mairairai: Tarihin Saiwoyin Latin a Sunayen Ingilishi da Yadda Suka Iso Bakin Bahaushe

0. Gabatarwa

Bari mu fara da wata jimla da muka tsara domin misali, irin wadda za a iya ji kowace ranar kasuwa a komin ɗin El Allassane Maïreyrey, cikin gundumar Mayahi, kusa da ƙasar Tasawa:

(1) Ya hau mota a tasha, ya tafi asibiti wurin likita da takarda da kati.

Babu Bahaushen da zai ce wannan jimla ba Hausa ce ba. Amma sunaye shida da ke cikinta, wato *mota, tasha, asibiti, likita, takarda* da *kati*, dukansu daga Latin suka fito, harshen mutanen Rum na dā. Biyar daga ciki Ingilishi ne ya kawo su, alhali kuwa Ingilishi bai taɓa mulkin wannan yanki ba. Ta shidan, *takarda*, ta riga su zuwa da ƙarnoni, kuma ta arewa ta biyo.

A cikin wannan ɗan nazari za mu bi sawun waɗannan kalmomi. Za mu duba yadda Latin ya shiga Ingilishi, da yadda ake gina suna a kan saiwar Latin, sa'an nan hanyoyin da sunayen suka bi har suka iso Mairairai, kamar yadda za mu riƙa rubuta sunan wurin a nan. Dalilin yin aikin yanzu shi ne, a watan Maris na 2025 kundin da ke tafiyar da mulkin Nijar ya mai da Hausa harshen ƙasa, ya ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Ke nan tambayar abin da za a yi da kalmomin aro ta fita daga ɗakin nazari, ta shiga aji da ofis.

1. Yadda Latin ya shiga Ingilishi

Ingilishi ɗan gidan harsunan Jamus ne, ba ɗan Latin ba kamar Faransanci. Duk da haka, a ƙidayar da Finkenstaedt da Wolff suka buga a 1973, bisa kalmomi kusan dubu 80 na wani ƙamus na Oxford, an samu kashi 28 cikin ɗari daga Latin kai tsaye, kashi 28 daga Faransanci, kashi 25 kuma na gadon Jamusanci. Wato fiye da rabin ƙamusun Ingilishi, Rum ce asalinsa. Wannan aro bai zo rana ɗaya ba. Ana iya raba shi hawa huɗu.

Hawa na farko na cuɗanya ne da sojoji da fataken Rum. Rumawa sun riƙe Biritaniya daga shekara ta 43 zuwa wajen 410, kuma kakannin Ingilishi sun yi ciniki da su tun suna babban yankin Turai. Kalmomin wannan zamani na awo ne da hanya da kayan gida:

(2) strata « shimfiɗaɗɗiyar hanya » > street > titi
milia « dubbai, na taki » > mile > mil
pondo « nauyi » > pound > fam
uncia « kashi ɗaya cikin 12 » > inch > inci
cuprum « jan ƙarfen tsibirin Kubrus » > copper > kwabo
coquina « wurin dahuwa » > kitchen > kicin

Jaridar *Gaskiya Ta Fi Kwabo*, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, tana ɗauke ke nan da sunan wani tsibiri na Bahar Rum a goshinta.

Hawa na biyu ya fara a 597, lokacin da Agustin, wanda Paparoma ya aika wa'azi, ya isa ƙasar Kent. Coci ya zo da karatu da rubutu, ya zo da *candela*, wadda ta zama *candle*, mu kuma muka ce *kyandir*. Haka *schola* da *magister* suka zama *school* da *master*. Ta biyun tana cikin *hedimasta*.

Hawa na uku shi ne mafi girma. A 1066 Wiliyam na Normandi ya ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da shari'a har kusan shekara ɗari uku. Sai a 1362 aka yi dokar da ta ce a riƙa yin shari'a da Ingilishi. A wannan tsakani talaka yana magana da harshensa, mai mulki yana yanke masa hukunci da wani harshe dabam, abin da mu ma mun san irinsa. Saboda haka sunayen mulki da yaƙi da shari'a na Ingilishi da yawa na Faransanci ne: *court, judge, prisoner, soldier, sergeant, captain, governor*, waɗanda suka ba mu *kotu, joji, fursuna, soja, saje, kyaftin, gwamna*. Kalmar *soja* tana da tarihi mai daɗi: tushenta *solidus* ne, kuɗin zinariya da sarki Kustantin ya fitar a farkon ƙarni na 4. Soja shi ne wanda ake biya domin ya yi yaƙi.

Hawa na huɗu na malamai ne. Bayan da Caxton ya kafa injin ɗab'i a Ingila a 1476, masu fassara da masu ilimin kimiyya suka riƙa ɗebo kalmomi kai tsaye daga littattafan Latin, kamar *inspector* da *radius*. Ta biyun, mai ma'anar « tsirkiyar haske », ita ce daga baya ta haifi *rediyo*.

2. Ƙirar suna: goshi, saiwa, ƙeya

Abin da Ingilishi ya ara bai tsaya ga kalmomi ba, ya haɗa da dabarar gina su. Sunan Ingilishi mai asalin Latin yakan ƙunshi sassa biyu ko uku: ɗafa-goshi, saiwa, da ɗafa-ƙeya. Saiwar galibi ta aikatau ce. Ɗafa-goshi yana nuna wuri ko fuskar aikin, ɗafa-ƙeya kuma shi ke mai da kalmar suna, ya faɗi ko mai aikin ake nufi, ko aikin kansa, ko sakamakonsa.

(3) in + spec + tor « ciki + duba + mai yi » > inspector > sufeto
con + duc + tor « tare + ja + mai yi » > conductor > kwandasta
di + rec + tor « rarrabe + miƙe + mai yi » > director > darakta
doc + tor « koyar + mai yi » > doctor > likita
mo + tor « motsa + mai yi » > motor > mota
sta + tion « tsaya + aiki ko wuri » > station > tasha

A lura cewa *doctor* a asali malami ne mai koyarwa. Daga baya aka keɓe sunan ga mai magani. *Hospital* kuwa, uwar *asibiti*, daga *hospes* « baƙo » take, wato masaukin baƙi, kuma ita ce dai ta bi ta Faransanci ta zama *otal*.

Saiwa ɗaya tana iya haifar da dangi guda. Mu ɗauki *mittere* « aika », wadda ke fitowa da sura biyu, *mit-* da *mis-*. Daga gare ta aka samu *mission, commissioner, committee, messenger* a Ingilishi, da *permis* a Faransanci. Hausa ta karɓe su duka biyar: *mishan, kwamishina, kwamiti, masinja, parmi*. Mai magana da Hausa ba ya jin wata dangantaka tsakanin masinjan ofis da parmin tuƙin mota, alhali ƴan uwa ne ciki ɗaya.

Wani lokaci ma saiwar takan ɓace, ƙeyar kaɗai ta rage. A Latin *omnibus* na nufin « domin kowa ». *Omni-* ita ce saiwa, *-bus* kuwa ɗafi ne na jam'i kurum. Da wannan suna aka kira keken doki na haya da aka fara a Nantes a 1826, aka kai shi Paris a 1828 da Landan a 1829. Ingilishi ya yanke kalmar ya bar *bus*. Bahaushen da ya ce *bas*, wutsiyar nahawun Latin ce yake furtawa, ba tare da gangar jikin ba.

3. Hanyoyi uku zuwa Mairairai

3.1. Hanyar hamada

Kafin wani Bature ya taka ƙasar Hausa, Latin ya riga ya iso. Rumawa sun mallaki gaɓar Afirka ta Arewa tun bayan faɗuwar Kartaj a shekara ta 146 kafin Miladiyya, kuma harsunan Barbar sun ari kalmomi da dama daga wurinsu. Ɗaya daga ciki ita ce *charta* « fallen rubutu », wadda Rumawa su ma daga Girkanci suka aro ta. Barbar suka maƙala mata *ta-*, ɗafinsu na tamata, irin wanda muke gani a *takoba* ta Buzaye, wato *takobi*. Ta bakin Buzaye kalmar ta shigo Hausa a matsayin *takarda*. Maarten Kossmann ya tattauna irin wannan aro a littafinsa na 2005 a kan kalmomin Barbar cikin Hausa.

Hanyar da kalmar ta biyo ita ce hanyar ayari: Tarabulus, Gat, Abzin, Damargu, sa'an nan Tasawa ko Damagaram, zuwa Katsina da Kano. Ita ce Heinrich Barth ya bi, har ya sauka Tasawa a watan Janairu na 1851. Ta nan ne kuma a ƙarni na 19 ake shigo da takardar Italiya mai tambarin jinjirin wata uku, wadda malamanmu suka yi rubuce-rubucensu a kanta. Ƙasar Mayahi da Tasawa, inda manomi Bahaushe ke maƙwabtaka da Buzu makiyayi, tana bakin ƙofar wannan hanya.

Larabci shi ma ya zo da nasa kason. *Denarius*, kuɗin azurfa na Rum, ya zama *dīnār*. Halifa Abdulmalik ya buga dinarin Musulunci na zinariya a shekara ta 77 ta Hijira, wato wajen 697. Daga nan Hausa ta samu *dinari* da *zinariya*. Wannan *denarius* shi ne dalilin da ya sa ake rubuta harafin *d* a matsayin alamar kwabo a Nijeriya har zuwa 1973 da aka fito da naira. Haka kuma *siraɗi*: Imam Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, wanda kuma ya taɓa rubuto wasiƙar nasiha ga sarakunan Agadas da Katsina, ya kawo *ṣirāṭ* cikin kalmomin da malamai suka ce na harshen Rum ne, da ma'anar hanya. Masana tarihin harshe suna mai da ita ga *strata*. Idan muka koma misali na (2), za mu ga *siraɗi* da *titi* tagwaye ne: ɗaya ta biyo malamai ta gabas da arewa, ɗaya ta biyo Turawa ta kudu, tsakaninsu akwai ƙarnoni.

3.2. Hanyar kudu

A 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta ratsa wannan yanki da kisa da ƙone-ƙone, har ta wargaje kusa da Maijirgi, cikin ƙasar Tasawa. A 1903 Ingilishi suka ci Kano da Sakkwato. Yarjejeniyoyin 1904 da 1906 suka tsayar da iyaka, Maraɗi da Tasawa suka faɗa hannun Faransa. A bisa takarda, Ingilishi ya tsaya a kudancin layi.

Kasuwa ba ta bi layin ba. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya bunƙasa, ƴan cin rani da fatake daga arewa suka riƙa sauka Kano da Katsina suna komowa da kaya da kalmomi. Daga baya rediyo ya ƙara ƙarfin wannan igiya, musamman bayan da BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957. Abin da ya sa ke nan mutumin Mairairai, wanda bai taɓa zama ƙarƙashin Ingilishi ba, yake cewa *mota, tasha, soja, likita*. Shaidar cewa daga Ingilishi suka zo tana cikin furucinsu. Mutanen Ingila ba su furta *r* na ƙarshen *motor* ko *doctor*, sai su ƙare da wasali. Faransawa kuwa suna furta shi a *moteur* da *docteur*. Wasalin *-a* na ƙarshen *mota, likita, gwamna, minista, darakta* kunnen Bahaushe ne ya kama bakin Bature ɗan Ingila.

3.3. Hanyar kumandan da lakwal

Faransanci ya shigo ta ƙofar hukuma da makaranta. Claude Gouffé ya yi nazarin wannan aro a 1971. Kalmominsa na gudanar da mulki ne da aji: *kumandan, jandarma, mushe, kaye, tablo, parmi*. Alamarsa ta musamman ita ce manne harafin fayyacewa a goshin suna: *l'école* ta zama *lakwal*, *l'impôt* ta zama *lanho*. A ta biyun, *p* ya koma *f*, shi kuma *f* a karin harshen wannan yanki yakan zama *h* a gaban *o*. Hausa ta daɗe da sanin irin wannan manni, domin haka ta yi wa *al-* na Larabci a *alƙali, alƙalami, labari* da *littafi*. Sai dai *l* na *likita* ba na wannan aji ba ne. *D* ne ya sauya.

Tun da Faransanci ɗan Latin ne, Ingilishi kuma ya ɗebo daga wurinsu duka biyu, sau da yawa saiwa ɗaya takan iso sau biyu ko fiye. *Tabula* « allo » ta ba mu *tebur* ta kudu da *tablo* ta lakwal. *Senior* « dattijo » ta ba mu *sa* na gaida malami a Nijeriya da *mushe* a Nijar. *Charta* ta fi su yawan ƴaƴa:

(4) charta > Barbar > takarda
charta > Faransanci carte > Ingilishi card > kati
charta > Italiyanci cartone > carton > katan

4. Abin da Hausa ta karɓa da abin da ta bari

Hausa ta ɗauki kalmomin dunƙule, ta bar dabarar gininsu a can. Ba ta yarda da baƙaƙe biyu a farkon gaɓa ba, shi ya sa *s* na *station* da *street* ya faɗi. A *tasha*, daga saiwar *sta-* sai *ta* ya rage, ɗafin *-tion* ya koma *-sha*. A *sufeto* ɗafa-goshin *in-* ya ɓace ɗungurungum. *L* na ƙarshe yakan zama *r*, kamar a *tebur, fensir, kyandir*. Muna da *gwamna* da *gwamnati*, amma babu mai ɗaukar *-ti* ya maƙala wa wata kalma domin ya gina sabuwa, kamar yadda Ingilishi ke yi da *-ment*.

Da zarar kalma ta shigo, sai ta bi dokar gida. Wadda ta ƙare da *-a* takan zama tamata: *motar, tashar*. Jam'i na Hausa ne: *motoci, tashoshi, likitoci, sojoji, ofisoshi, tituna, takardu*. Tana kuma karɓar ɗafin Hausa, kamar a *likitanci*. Ma'ana ma takan sauya: a Nijar mutum yakan ce za ya tafi *likita* yana nufin gidan maganin kansa. A wannan fanni Hausa ta fi Ingilishi riƙon nata, domin shi har yau yana ɗauke da jam'in Latin a kalmomi irin su *data* da *agenda*, waɗanda mu muka karɓa a matsayin tilo.

Dalilin da ya sa Hausa ba ta buƙaci ɗafe-ɗafen Latin ba shi ne tana da nata, kuma aikinsu kusan ɗaya ne:

(5) mai aiki: -tor a doctor, ma-...-i a marubuci, manomi, maƙeri
wurin aiki: -ory a laboratory, ma-...-a a makaranta, maƙera, mahauta
kayan aiki: -culum a Latin; ma-...-i a mabuɗi, madubi
hali ko matsayi: -ity, -ment, -nci, -ntaka, -ta a shugabanci, abokantaka, sarauta

Misalin *madubi* ya isa a tsaya a kansa. Rumawa suna kiran madubi *speculum*, daga *specere* « duba », saiwar da muka gani a *sufeto*. Bahaushe ya gina *madubi* daga *duba*. Babu wanda ya ari na wani; tunani ɗaya ne harsuna biyu suka yi kowa a gidansa. Da Hausa ta so fassara *station* sashe-sashe, da *matsaya* ta ce.

5. Kammalawa

Daga abin da ya gabata muna iya fitar da abubuwa biyu masu amfani ga aikin da ke gabanmu.

Na farko ya shafi aji. Yaron Mairairai yakan fara Ingilishi a kwaleji, bayan shekaru shida na Faransanci, kuma sau da yawa ana ba shi jerin kalmomi ya haddace kamar waɗanda suka faɗo daga sama. Alhali ya san *tasha* tun yana goye, ya san *station* a Faransanci, ya san yadda *tsaya* ke zama *matsaya*. Malamin da ya jera masa waɗannan a tablo, ya nuna masa goshi da saiwa da ƙeya, ya ba shi mabuɗin ɗaruruwan sunaye a lokaci guda. Saiwoyi kaɗan irin su *sta-, mit-, duc-, spec-, mot-* sun isa a fara da su, tun da kowace tana da ɗa a cikin Hausar da yaron ke yi a gida.

Na biyu ya shafi ƙirƙirar kalmomin aiki. Ana jin masu cewa a tsarkake Hausa daga kalmomin Nasara. Tarihin da muka bi ya nuna wahalar wannan magana: wanda zai kori *kati* saboda asalinta, sai ya kori *takarda* da *zinariya*, domin gida ɗaya suka fito. A ganinmu, kalmar da ta zauna, ta yi jam'i, ta samu jinsi, ta zama ƴar gari, a bar ta. Inda ake buƙatar sabon suna, a fara duba abin da *ma-* da *-nci* da *-ntaka* za su iya ginawa kafin a ɗauko na waje. Inda kuma aka samu tagwaye, ɗaya ta kudu ɗaya ta lakwal, kamar *lasisi* da *parmi*, ya kamata masu ƙamus na Nijar da na Nijeriya su rubuta duka biyun, su faɗi inda ake amfani da kowace, domin mai karatu a Mayahi da mai karatu a Katsina su fahimci takarda ɗaya.

Kundin 2025 da muka ambata a farko, sunansa a Faransanci *Charte de la refondation*. Kalmar *charte* ita ma ɗiyar *charta* ce. Buzayen da suka kawo mana *takarda* sun riga kundin isowa ƙasar Mayahi da ƙarnoni masu yawa, kuma aikin da ya rage shi ne a rubuta wa mutanen wurin takardunsu da harshen da suke ji.